Neman shawara: lensi na hannu uku a gabana, kuɗina na guda ɗaya ne

Maman Ilham (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Don Allah ku ba ni shawara kafin in ɓarnatar da kuɗin adashina.

Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki na ɓangaren mata a nan Agege da kewaye, su sa lalle, kamu, walima da suna, wuraren da ba a barin namiji ya shiga da kyamara. Canon 700D ce a hannuna, da lensin da ta zo da shi, 18-55. A tsakar gida da rana ba ni da damuwa. Damuwar tana ɗakin amarya. Taga ɗaya, labule mai kauri, ƙwan fitila ɗaya, shi ma in ba a ɗauke wuta ba. In na kunna filasha fuskar amarya ta yi ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa, mai kwalliya ta hau ni da faɗa wai na ɓata mata aiki. In na kashe, hoton ya fito da yashi-yashi ko ya girgiza. Satin da ya wuce uwar wata amarya ta dube ni ta ce, "Yarinya, ai hoton wayar ƙanwarta ya fi naki haske." Ranar barci ƙaurace min ya yi.

Kowa na tambaya sai ya ce maganin shi ne lensi marar zum mai faɗin ƙofar haske, wato mai ƙaramar lambar f, don iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar. Sabo ya fi ƙarfina, don haka na hannu nake nema, kuma na samu uku. Akwai Canon 50mm f/1.8 STM a wani shago a Ikeja, tokumbo ne, mai shagon ya ce zai ba ni rasit da kwana bakwai in gwada. Shi ya fi araha. Akwai Canon 50mm f/1.4 USM da wani mutum ya sa a intanet, kuɗinsa kaɗan ya ɗara na farkon. Ya ce akwai 'yar ƙura a ciki amma ba ta fitowa a hoto, yana can Ajah, in tura rabin kuɗi ya aiko ɗan aike da shi. Sai Sigma 30mm f/1.4 na wata abokiyar sana'a a Idi-Araba da ta koma kyamara marar madubi. Shi kuɗinsa ya kusa ninki biyu na na farkon, sai na haɗa da kwasar adashin wata mai zuwa.

Gaskiya raina ya fi karkata ga na biyun, don 1.4 ne kuma ga araha. Me kuka gani?

Yaron Hoto:
Wa alaikumus salam. Anti, 1.4 ko a bar shi! Mai 1.8 ai na 'yan koyo ne. In da hali ma ki ƙara haƙuri ki sayi Sigma 50mm f/1.4 Art, shi ne ƙarshen magana. Yadda yake narkar da bayan mutum sai kin gani.

Baban Khalifa (Obalende):
Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da yaron nan na sama, don ni ma na yi wannan zazzaɓin lamba lokacin muna wanke fim a ɗaki mai duhu.

Lensin da ke hannunki in kika zuƙo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Daga 5.6 zuwa 1.8, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Ɗakin da yake tilasta miki saurin ɗauka na 1/15 na daƙiƙa, wanda ko numfashin amarya yana ɓata hoto, zai koma wajen 1/160 ba tare da kin taɓa ISO ba, wato saitin ƙara haske da ke kawo yashi-yashin nan. Wannan shi ne babban tsallen, kuma duk ukun da kika lissafa za su ba ki shi. Daga 1.8 zuwa 1.4 kuwa ƙarin bai kai ninki biyu ba, 1/160 ɗin ne zai zama 1/250. Yana da amfani, ban ce babu ba, amma bai kai mutum ya rufe ido ya tura kuɗi Ajah saboda shi ba.

Lambar da ya kamata ta hana ki barci ita ce ta gaban, 50 ko 30. Sensar 700D, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, duk lensin da kika ɗaura sai kin ninka shi da 1.6 kafin ki san abin da zai gani. Hamsin zai zama kamar 80, talatin zai zama kamar 48. A aikace ga abin da hakan ke nufi. In kina tsaye mita uku daga amarya da 50mm, faɗin abin da zai shiga hoto wajen mita ɗaya da santimita talatin ne. Ko kin juya kyamarar a tsaye, ba za ki samu kai da ƙafa tare ba. Kafin ki ɗauke ta a tsaye da ɗaurin kanta da jelar rigarta sai kin ja baya mita huɗu da rabi. Wane ɗaki ne a Agege zai ba ki mita huɗu da rabi, bayan gado da akwatunan lefe da ƙawaye goma sha biyu? Da 30mm kuwa mita uku ya ishe ki har da rara.

Kada ki ɗauki maganata kawai. Bikin da za ki yi ran Asabar, ki tsayar da zoben zum ɗinki a kan 50, ki manne shi da salatif, ki yi rabin awa a haka cikin ɗaki. Sannan ki mai da shi tsakanin 24 da 35, wajen 30, ki sake mannewa. Bango ne zai gaya miki gaskiya, in kika ji bayanki yana dukansa kina neman wurin ja baya. In kina da kwamfuta kuma, ki buɗe bayanan tsofaffin hotunanki da kika fi so, za ki ga a milimita nawa kika ɗauki kowanne.

Shi kuma wanda yaron ya ambata, giram 815 ne. Mai STM giram 160. Ki rataya kusan kilo ɗaya a gaban 700D daga azahar zuwa isha, washegari sai an gasa miki wuyan hannu.

Yaron Hoto:
Baba na ji, amma fa narkewar baya ba ɗaya ba ce.

Anti Mai Kyamara (Mile 12):
Kai yaro, narkewar bayan nan ita ta taɓa ja min abin kunya. Ƙanwata Maman Ilham, saurara ki ji. Bikin farko da na yi da 50mm, daɗi ya ɗebe ni na bar shi a 1.8 tun safe har dare. A bayan kyamara komai tsaf. Da na zo gida na buɗe a babban allo, amarya ta fito, amma ƙawarta da ke kafaɗarta kamar a hayaƙin murhu take. Hoton dangin ango kuwa, layi uku suka yi, layin gaba kawai ake gane fuskokinsu. Uwar ango tana layin baya. Kin san sauran labarin.

A mita biyu, 50mm a f/1.8 a irin kyamararki, abin da zai fito tas bai wuce santimita 11 ba daga gaba zuwa baya, faɗin tafin hannu ke nan. A 1.4 ya ma ragu, bai kai tara ba. Mutum ɗaya, ki saita a idon da ya fi kusa da ke, sai ki ga abin mamaki. Mutum biyu zuwa sama dole ki rufe zuwa 2.8 ko 4, taron dangi har 5.6. To in dai rabin aikinki a 2.8 za ki yi shi, kuɗin 1.4 ɗin na mene ne?

Wani abu da maza ba za su tuna miki ba shi ne hoton lalle da zobe da sarƙa. Mai STM yana matsawa har santimita 35 ya kama, mai 1.4 USM sai 45, shi kuma Sigma 30mm ɗin, in samfurin Art ne, santimita 30. Amare suna son a ga zanen lallen nan filla-filla, kuma mai lallen ita ma za ta roƙe ki hoton ta sa a shafinta, daga nan wani aikin ke zuwa.

Ni da ni ce ke, 30 zan ɗauka don ɗaki. Hamsin na fuska ne da tsakar gida, zai iya jira.

Mai Gyara (Alaba):
Hajiya, ni ɓangaren lafiyar kaya zan taɓa, don nan ne kuɗin mutane ke mutuwa.

Kalmar nan "'yar ƙura" ki riƙe ta da kyau. Ƙura ta gaskiya babu lensin da ba shi da ita, ko sabo in ya yi wata shida za ki ga ɗigo biyu uku, kuma ba ta cutar da hoto. Amma a garin nan abin da mai sayarwa ke kira ƙura sau da yawa fumfuna ce. Lensin da ya zauna Kano ko Katsina ƙurar hunturu yake sha. Wanda ya zauna Legas, musamman wajen Ajah da Lekki da ke bakin ruwa, laima yake sha. Da damina danshin iska a nan yana haura kashi 80 cikin ɗari, ita kuwa fumfuna da ya wuce 60 zuwa 70 ta samu wurin zama, balle in an kulle lensin a jaka cikin duhun wardirof. Tokumbo ma ba tsira ya yi ba, a can ma akwai danshi, sannan ya zo ya yi watanni a sito.

Ga yadda za ki gane. Ki cire murfin gaba da na baya, ki kunna tocilar waya, ki haska ta baya a karkace kina leƙawa ta gaba, sannan ki juya. Kada ki haska kai tsaye cikin idonki. Ƙura ɗigo-ɗigo ce, kowane a ware. Fumfuna zare-zare take yi kamar yanar gizo-gizo ko saiwar ciyawa, galibi daga gefe take tasowa tana cin tsakiya. In kuma kika ga gilashin ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi bai washe ba, wannan hazo ne, shi ke sa hoto ya fito a koɗe duk lokacin da taga ko fitila ke gabanki. Sabuwar fumfuna tana wankuwa in an buɗe. Wadda ta daɗe tana cinye rufin da aka yi wa gilashin, ko an wanke tabon yana nan har abada. Karce a gilashin gaba in ƙarami ne ki yi amfani da shi ki rage kuɗi kawai. A gilashin baya kuwa ki ajiye musu kayansu.

Daga nan ki duba kawunan ƙananan kusoshin da ke gindinsa. In sun cinye ko fentinsu ya goge, wani ya taɓa buɗe shi, sai ki tambayi dalili. Ki duba zaren da ake ɗaura filta a baki, in ya lotsa to ya taɓa faɗuwa ƙasa. Ki ɗaura a kyamararki, ba tasu ba. Ki sa f/16, ki danna ɗan maɓallin nan da ke ƙasan wanda ake cire lensi da shi, kina kallon cikin lensin ta gaba. Ganyayyakin ƙofar su rufe farat ɗaya su buɗe farat ɗaya, a bushe. In suna ƙyallin mai ko suna jan jiki, akwai aiki a gaba.

Shi 50mm f/1.4 USM tun 1993 aka fito da shi, lensi ne mai kyau, amma masu gyara ko'ina sun san lagonsa. Bakinsa yana fitowa waje in ana saiti kusa, kuma in ya bugu a haka, hanyar da yake bi a ciki tana lanƙwashewa, sai fokas ya riƙa cijewa ko ya tsaya gaba ɗaya. Wanda zai saye shi na hannu dole ya murza zoben daga kusa zuwa nesa ya ji ko akwai inda yake tauri, ya kuma sa ya kama kusa, ya kama nesa, kamar sau ashirin. Wannan ba abin da ake dubawa a hoton WhatsApp ba ne. Mai STM na 2015 ne, gindinsa ƙarfe. Ki kula kada a ba ki yayansa, 50mm f/1.8 II mai gindin roba, a farashin STM. Rubutun yana jiki, kuma bakin filtar STM 49 ne, na tsohon 52.

Ɗan Sakkwato (Ijora):
Maganar karanta rubutun jiki gaskiya ce. Ni Nikon D3300 gare ni, na ga 50mm f/1.8D da araha na yi wuf da shi, ashe kyamarata ba ta da injin da ke juya irinsa, mai harafin G ya kamata in saya. Wata uku ina murza fokas da hannu kamar mai neman tasha a rediyo. Laifina ne, ban tambaya ba.

Malama, ke ma Sigma 30mm f/1.4 kala uku ne. Akwai tsohon EX na 2005, akwai Art na 2013 mai harafin A a jiki, akwai kuma DC DN na 2016 wanda na kyamara marar madubi ne, ba zai hau 700D ba sam. Ki tambayi ƙawar taki wanne ne.

Maman Ilham (Agege):
Ikon Allah, ban san haka ba. Na kira ta yanzu, ta ce mai A ne, kuma a kan 80D ta yi aiki da shi.

Mai Gyara (Alaba):
Madalla, shi ne mai kyan. Saura gwaji ɗaya, kuma a wurinki ya fi kowane muhimmanci. Kyamararta 80D tana da wurin da ake gyara saitin fokas in lensi yana kamawa gaba ko bayan inda aka nufa. Taki 700D ba ta da shi. Don haka lensin zai iya yi mata daidai ke ya ƙi yi miki.

Ki shimfiɗa jarida a tebur, ki tsaya a karkace kamar mita ɗaya da rabi, ki buɗe 1.4, ki zaɓi ɗigon fokas na tsakiya, ki nufi layi ɗaya na rubutu. Ki ɗauka sau goma ta ramin leƙawa, kowane ɗauka ki fara karkatar da fokas ɗin wani wuri tukuna. Sai ki kunna allon baya ki ɗauki guda biyu, don shi daga kan sensa yake auna saiti, ba ya irin wannan kuskuren. Ki zuƙo hotunan ki kwatanta. In layin da kika nufa ne ya fi fitowa a yawancinsu, shi ke nan. In kullum layi uku gaba ko baya yake kamawa, Art yana hawa wani ɗan faifai da Sigma ke yi, USB Dock, ana haɗa shi da kwamfuta a daidaita. Tsohon EX ba ya hawa. In kuwa yau gaba gobe baya, babu tsari, ki haƙura da shi. Ki kuma manna jaridar a bango ki ɗauka daga gaba sosai, ki duba kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa ƙwarai, gilashin ciki ya goce.

Ki sani kuma Sigma ɗin nan DC ne, wato na ƙaramar sensa. Ran da Allah ya hore miki kyamara mai babbar sensa irin 6D ko 5D, gefen hoton zai yi baƙi, sai dai ki sayar. Su 50mm ɗin biyu suna hawa duka.

Shugaban zaure:
Hajiya, a kan mutumin Ajah: a zauren nan mun sha faɗa, ba a cinikin biri a sama. Lensin da sabonsa ya ninka mai 1.8 fiye da sau biyu, a ce na hannunsa ya ɗara shi kaɗan kawai, sannan a ce sai an tura rabi? Ki ce masa ku haɗu da rana a wuri mai jama'a, ko Ikeja City Mall ko wani wurin cin abinci a Obalende tunda tsakiya ne, ki je da maigida ko ƙaninki da kyamararki. Kuɗi sai bayan gwaji. In ya fara kawo uzurin goslo da cewa wani na jira da kuɗi a hannu, kin samu amsarki. Na shagon ma a rubuta lambar jikin lensin a kan rasit da maganar kwana bakwan, kuma ki shiga cikin shagon da ƙafarki, kada ki biye wa yaran da ke tare mutane a bakin titi.

Hajiya Babba (Idi-Araba):
Ni ban san lamba ba, ɗinki nake yi, 'yata ce ta sa ni a zauren. Amma tunda mai Sigma ƙawarki ce kuma an san gidanta, me zai hana ki roƙe ta aron sa ki yi biki ɗaya da shi? Gani ya kori ji.

Maman Ilham (Agege), bayan kwana tara:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mutumin Ajah na ce mu haɗu Obalende, ya ce yana da aiki. Na ce to ya haska tocila ta bayan lensin ya turo min bidiyo. Ya karanta, bai amsa ba, washegari tallan ya ɓace.

Baba, na yi gwajin salatif ran Asabar a wani kamu a Dopemu. A kan 50 ko minti goma ban yi ba, sai da na hau kan gadon amarya da gwiwa ina neman wuri, 'yan mata suna ta dariya. A kan 30 na manta ma da na manne shi. Hajiya Babba, na bi shawararki, ƙawata ta ba ni aro na yi suna da shi ran Talata. Na haska tocila, ɗigon ƙura biyu na gani, babu zare babu hazo. Gwajin jarida takwas cikin goma sun faɗa kan layin. Hoton mai jego da jaririn a bakin taga, ba filasha, a f/2, mijinta ya ce a wanke masa babba. Na taron 'yan suna na rufe zuwa 4 kamar yadda Anti ta ce, kowa ya fito har kakar da ke baya. Mun daidaita zan ba ta kashi biyu cikin uku yanzu, sauran in na kwashi adashi. Mai STM kuma sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Yanzu tsorona fumfunar nan. Ɗakinmu a ƙasa yake, bango har gumi yake yi da damina. A ina zan riƙa ajiye shi?

Baban Khalifa (Obalende):
Allah ya sa albarka 'yata. Ki fitar da shi daga jakar kyamara duk ran da kika dawo aiki, jakar nan ita ce gidan fumfuna. Ki samu robar abinci mai murfin da ke kamewa gam, wadda ake ganin ciki, ki zuba ƙullin silika, irin 'yan ƙwayoyin da ke zuwa a kwalin takalmi. Masu kayan kyamara suna sayar da mai launi, wadda ke sauyawa daga ruwan lemo zuwa kore in ta ƙoshi da ruwa, sai ki gasa ta a wuta kaɗan-kaɗan ta dawo. Ki haɗa da ɗan agogon auna danshi ki jefa ciki, ki riƙe shi tsakanin 40 da 50. Kada ki sa shinkafa, kada ki sa kafur. Robar ta zauna a kan kantar ɗaki inda haske ke zuwa, ba ƙarƙashin gado ba. In kin fito daga zauren biki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje gilashin ya yi gumi, ki bar shi ya bushe da kansa kafin ki rufe murfi.

Yaron Hoto:
Ka ga dai ƙarshenta 1.4 ɗin ta saya.

Anti Mai Kyamara (Mile 12):
Ta saya, kuma a 2 da 4 ta yi aikin. Maman Ilham, turo mana hoton jaririn nan in iyayensa sun yarda.